Sai Ka Goya Masril

Duk wanda ya taɓa kai babur garejin Masril a Matur, can yammacin Sumatra, ya san dokar wurin: ba ya ɗora sifana a kan babur sai mai shi ya goya shi tukuna. Za ka iso da gaggawarka kana zayyana masa abin da ke damun abin hawanka, shi kuwa ko kallonka bai cika yi ba. Yana can yana tuɓe silifas, ya jera su a bakin ƙofa kamar mai shirin shiga masallaci, ya kifa wata tsohuwar hular kwano da fentinta ya gama ɓarewa, ya ɗare bayanka, ya ɗora tafin ƙafarsa tsirara a kan ƙarfen taka ƙafa. Daga nan ya daki kafaɗarka da yatsa biyu, wato a kama hanya. Hanyar kuwa kullum ɗaya ce, wadda ke lanƙwashe-lanƙwashe tana gangarawa tafkin Maninjau, mai kwana arba'in da huɗu, kowace da lambarta a jikin allo.

Tuni mutanen gari suka raɗa masa suna Fasinja. 'Yan teburin shayin da ke maƙwabtaka da shi suna cewa babu mai wayonsa a Matur, tunda shi kaɗai ake kai wa shan iska sau biyar a rana, a kuma yi masa godiya. Ba ya tanka musu. Gajere ne, ba jiki, maganarsa ba ta da yawa, amma idan ya sauko daga bayan mutum ya ce matsalar tana wuri kaza, to a buɗe wurin kawai. Masu manyan babura na tafiya mai nisa daga Jambi, daga Medan, har daga Jawa, sukan karkato hanyarsu don su biyo ta kansa. Ƙofar garejin ta cika maƙil da sitikar wuraren da suka je, Toba, Bromo, Sabang, Flores, kuma ko ɗaya a ciki Masril bai taɓa takawa ba.

Dokar tana da asali. Yana ɗan shekara ashirin ya tafi Pekanbaru neman na kansa, yadda samarinmu ke yi, ya shiga wani gareji. Akwai wani ɗan kasuwar yadi da babur ɗinsa ke yawan fitar da giya. Sau uku Masril yana farke injin nan, sau uku bai ga komai ba, maigidansa kuwa har ya fara yi masa kallon wanda ya zo cin shinkafa kawai. Ran nan mutumin ya rage masa hanya zuwa sallar Juma'a. Yana zaune a baya sai ya ga ashe bawan Allah ɗora ƙafarsa yake a kan sandar giya yana kaɗa ta duk tsawon tafiyar. Takaici ya kusa sa shi kuka a cikin masallaci. Tun daga ranar ya ce babur da mai shi tare suke lalacewa, saboda haka tare zai riƙa duba su. Bayan shekara shida mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya dawo gida, bai sake fita ba. Mu kuwa a nan, namijin da ya dawo da wuri ya zauna, ba ma barin sa ya manta.

Aboki ɗaya gare shi na haƙiƙa, shi ne Nazwir, tsohon hedimasta. Tun suna yara tabarma ɗaya suke kwana a ƙaramin masallacin unguwa. Nazwir ya girme shi da shekara biyu, don haka Uda yake ce masa, wato yaya, ko da kuwa faɗa suke yi. Dogo ne, mai murya, mai son a ce shi ya fi kowa sani, kuma sau da yawa ya fi ɗin. Duk Asabar zai hawo daga Bukittinggi su sha shayin ƙwai su buga domino har la'asar. Babura biyar ya yi a rayuwarsa, duka a hannun Masril suka tsufa. Na ƙarshen shi ne ƙaton baƙin nan mai akwatuna uku, wanda ya saya da ya yi ritaya saboda buri guda: ya tuƙa shi da kansa har Sabang, can ƙuryar arewa inda ƙasa ta ƙare. Shekara goma sha biyu yana zancen tafiyar nan, har an daina yi masa dariya an koma taya shi lissafin kwanaki.

Sai kawai ya ɗauke ƙafa. Wata huɗu cur babu shi babu saƙonsa. Labari ya iso teburin shayi cewa an ga baƙin babur a wani gareji a birnin Padang, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Abin ya ci Masril sosai. Ya zauna ya yi ta laluben abin da ya yi wa mutumin nan, bai samo ba. Bai damu da a raina aikinsa ba, an sha yi. Abin da ke tsorata shi shi ne ya rasa mutum ɗaya tak da ya san shi tun ba shi da haƙoran gaba.

Wata Talata da hantsi sai ga baƙin babur ya tsaya a bakin gareji. Nazwir ya sauko, ya cire hula, ya soka hannun dama a aljihun jaket. Zuciyar Masril ta yi fari tas, amma ya ɗaure fuska ya ci gaba da goge wani noti.

"Uda, ɓatan hanya ka yi? Ai Padang ta can ƙasa take."

"Kai dai ba ka iya gaisuwa ba har ka tsufa. Tashi ka duba min abin nan, Ril, sauri nake. Saura kwana tara mu tashi zuwa Sabang, mu bakwai ne, ranar Alhamis ta sama."

"Me ya same shi da manyan injiniyoyi suka kasa?"

"Wasa gare shi. In na saki totur na sake murɗawa sai ya fizge ni, ka ji ƙwas daga ƙasa. Matata Rosmaini ta ce hularta ta gaji da karo da tawa. Sun canza sarƙa, sun canza fayafayan haƙora gaba da baya, sun canza mai, abin yana nan."

Masril ya leƙa ya ce wa mai shayi ta kawo kofi biyu na mai ƙwai. Da ta kawo ya miƙa wa abokinsa kofi, Nazwir ya sa hannun hagu ya karɓa. Masril ya ji kamar an mare shi. Mutumin da ya shekara talatin yana kwaɗa wa ɗalibai rula a yatsu in sun miƙo littafi da hagu, yau shi ke karɓar shayinsa da hagu a gaban jama'a? Ya ce a ransa ashe rainin har ya kai nan. Ya haɗiye, ya sunkuya zai tuɓe silifas.

"A'a, bar takalmanka," in ji Nazwir da sauri. "Yau ba ni da lokacin yawon nan naka. Shekara nawa kana hawa bayana? Ai ka haddace tuƙina. Duba shi a nan kawai."

A shekara arba'in babu wanda Masril ya taɓa ɗaga wa ƙafa a kan wannan. Ya dubi silifas, ya dubi mutumin da ya yi wata huɗu yana kewarsa, ya mayar da ƙafarsa ciki. 'Yan teburin shayi suka kalli juna.

Ya kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Ya sa giya ta ɗaya, inji a kashe, ya zaro guntun alli daga bayan kunne. Shi a wurinsa kowane babur yana da wasa tsakanin inji da tayar baya, dole ne, in babu shi haƙora za su cinye juna. Tambayar ita ce nawa ne, kuma a ina ya zauna. Ya juya taya gaba har ta cije, ya ja layi a jikinta daidai bakin ƙarfen da ke riƙe da ita. Ya juya ta baya har ta sake cijewa, ya ja wani. Ya jera yatsunsa tsakanin layukan biyu: huɗu. Irin wannan babur uku ya kamata ya ba shi.

Daga nan ya shiga farautar yatsa ɗayan nan, daga baya zuwa gaba, yadda ya saba. Ya ja sarƙa daga bayan babban faifai, ba ta ɗago ba, sabuwa ce dal. Ya zagaya taya a hankali yana danna sarƙar wuri-wuri ko akwai inda ta fi tauri, babu. Ya kwance murfin ƙaramin faifan gaba, ya girgiza shi a kan sandarsa, ya shafa ya duba yatsansa ko zai ga jan garin tsatsa da ke nuna ƙarfe na cin ƙarfe, bai gani ba. Ya murɗa totur yana sauraron inda waya ke fara ja, daidai take. Sannan ya dawo baya, ya ja layin alli guda ya ratsa faifai zuwa cibiyar taya, ya riƙe faifan gam da tsumma, ya girgiza tayar. Layin ya rabu gida biyu.

"Ga shi nan," ya ce. "Sun sa maka sabon faifai a kan tsofaffin robobi."

Ya zare taya, ya ɗaga faifan, robobin da ke zaune a cikin cibiya don shanye fizgar inji suka zubo da kansu, sun ƙeƙashe sun tsuke. Ya shiga ciki ya fito da wani gwangwanin biskit, ya buɗe, ga sababbin robobi shida a leda. Tun bara ya sa aka kawo masa su ya ajiye saboda tafiyar Sabang, bai gaya wa kowa ba. Ya shafa musu ruwan sabulu, ya danna su da ƙyar, ya mayar da komai, ya sake aunawa: yatsa uku cif.

Nazwir ya washe baki. "Kun gani ko? Na ce muku duk Sumatra babu kamar ɗan guntun nan! Shi ke nan, Ril, an gama. Asabar zan zo in lallasa ka a domino."

Da Masril ya so, a nan zancen zai ƙare, ga abokinsa ya dawo, ga yabo a gaban mutane. Amma ya tsaya yana kallon robobin da ke ƙasa, lissafin ya ƙi fita. Wasan yatsa ɗaya yana sa a ji ƙwas lokaci-lokaci. Ba ya sa hula ta yi ta karo da hula har mace mai haƙuri irin Rosmaini, wadda yake kira Uni, wato yaya, ta yi magana. Ya tuɓe silifas, ya jera su a bakin ƙofa.

"Hau mu je, Uda."

"Na ce maka sauri nake."

"To tafi. Amma kada ka ce wa kowa ni na duba shi."

Nazwir ya daɗe a tsaye. Can ya kifa hularsa ya hau.

A miƙaƙƙiyar hanya babur ya tafi sumul. Suka shiga kwana ta arba'in da huɗu, daga ita ake farawa in ana sauka, suka wuce ta arba'in da uku. A ta arba'in, inda dole mutum ya riƙe totur kaɗan-kaɗan, sai Masril ya ji shi. Ba daga tafin ƙafarsa ya fara ba. In ciwon na sarƙa ne ko na roba, ƙarfen taka ƙafa ne ke fara kawo labari. Wannan kuwa kukan inji ne ke fara hawa da sauka, sannan fizgar ta biyo baya, kuma a jere take zuwa, ɗaya bayan ɗaya. Hularsa ta daki ta Nazwir, ta sake duka. Ya miƙa wuya ta saman kafaɗar dama ya duba. Hannun da ke kan totur rawa yake yi, tun daga wuyan hannu har yatsu, mai shi yana ta ƙoƙarin danne shi da ƙarfi.

Nan take komai ya warware masa: garejojin Padang inda ba a goya kowa, hannu a aljihu, shayi da hagu. Ashe ba raini ba ne. Tausayi ya kama shi, da kunyar zargin da ya yi. A kwana ta talatin da ɗaya akwai ɗan fili da ake hango tafki, ya daki kafaɗa sau uku, Nazwir ya tsaya. Birai biyu suka matso ko za a jefa musu gyaɗa.

"Tun yaushe, Uda?"

"Tun yaushe me?"

"Fito da hannun nan daga aljihu."

"Kai likita ne ko bakanike?"

"Bakanike ne. Shi ya sa nake gaya maka babur ɗin nan ba abin da ke damunsa."

Nazwir ya juya wa tafki fuska. Da ya yi magana, muryar nan da ke cika filin makaranta ta koma ƙarama. "Wata takwas. Da farko sai in na gaji. Yanzu ko cokali."

"Uni ta sani?"

"Ban gaya mata ba. Ita dai ta ce ba za ta ƙara hawa ba sai na zo na goya ka." Da alama sai da bakinsa ya faɗa ya gane ashe ta riga ta sani. Sannan ya juyo da sauri. "Ji nan, Ril. Ka san yadda za ka yi. Ka sassauta wayar totur, ka sa mariƙin ya yi tauri, rawar ba za ta kai inji ba. Aikin minti goma ne a wurinka. In je in dawo, sannan in kai kaina asibiti, na rantse."

Gaskiya ne, aikin minti goma ne, kuma zai rage fizgar. Masril ya san in ya ce to, ya sami Asabar ɗinsa har ƙarshen rayuwa. In ya ce a'a, wataƙila yau ce rana ta ƙarshe da zai ji an kira shi Ril.

"Hannun da ke murɗa totur shi ke kama birkin gaba," ya ce. "Shi kuma wace waya zan sassauta masa? Ba zan yi ba, Uda."

"Shekara goma sha biyu ina jiran tafiyar nan! Kai me ka sani a kan tafiya? Mutumin da iyakarsa Pekanbaru, yana zaune yana manna sitikar wasu a ƙofa!"

Maganar ta shige shi, don ta sami wurin da ke ciwo. Bai rama ba. Ya ce, "Matsa baya. Ina da jikoki, ba zan hau hanyar nan mai kwana-kwana a bayanka ba."

Haka suka hawo, Masril a gaba yana ɗangale da babban yatsa duk inda aka tsaya, don ƙafarsa ba ta kai ƙasa, dogon hedimasta a baya ya sandare ko taɓa shi ba ya yi. Babur bai fizga ko sau ɗaya ba, kuma dukansu sun ji hakan. Suna isa Nazwir ya sauka, ya ajiye hula a kan kujera, ya tsayar da ƙaramar bas mai zuwa Bukittinggi ya shige. Bai yi sallama ba, bai ɗauki makulli ba.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce. Masril ya karya noti biyu a rana ɗaya, abin da bai yi ba tun yana koyo. Bai yi nadamar abin da ya faɗa ba, amma kewa da tsoro sun hana shi sakat. Ranar Asabar ya fito da akwatin domino ya ajiye a kan benci, har la'asar ba wanda ya zo, ya mayar. Ranar Lahadi ya cire kujerar baƙin babur, ya ɓare fatarta ta gaba, ya auna yatsa uku a jikin soson ya ja layi da alli, daidai abin da za a rage ƙafarsa ta kai ƙasa in shi zai tuƙa. Ya wasa wuƙa ya ajiye a gefe. Sai dai bai yanka ba. Babur ba nasa ba ne, tafiyar ma ba tasa ba ce, kuma ba wanda ya gayyace shi.

Litinin da hantsi bas ta tsaya, Nazwir ya sauko da ledar magani ta asibiti a hannu. Bai kalli 'yan shayi ba. Ya shigo ya tsaya a gaban kujerar da ke kwance a teburin aiki, ya daɗe yana duban layin allin.

"Wa ya ba ka izinin feɗe min kujera?"

"Ban yanka ba tukuna."

"Likita ya ce ba ni ba tuƙi." Ya yi gyaran murya. "Na tambaye shi zaman baya fa, ya ce wannan tsakanina da wanda zai ɗauke ni ne. Yatsa uku zai ishe ka? Kai da na ga kana rawa da ƙafa kamar zakara a kan igiya. Ƙara rabi."

"Uku ya isa."

"Garejin fa? Kwana ashirin ne, je ka dawo."

"Shekara arba'in yana nan, ba inda za shi."

Nazwir ya zauna a benci, ya sunkuya ya kwance takalmansa da ƙyar, ya kai su bakin ƙofa ya jera. "To ni ma ina da doka. Ba na ba direba babur ɗina zuwa Sabang sai ya goya ni na ji tuƙinsa. Yi sauri ka gama, kwana arba'in da huɗu na hanyar tafki suna jiranmu."

Ya dawo teburin a cikin safa, ya zaro hannun dama daga aljihu, ya ɗauki wuƙar ta wajen ƙota ya juya ta, ya miƙa. Hannun yana rawa, wuƙar tana rawa, duk teburin shayi yana kallo, bai janye ba. Masril ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ɗan riƙe hannun tare da wuƙar. Sannan ya goge idonsa da kafaɗar riga, ya sunkuya ya fara yanka a kan layin allin.